Na canza monita, sauti ya ɗauke: sai na yi wa kwamfutar fomatin?

"Assalamu alaikum Injiniya. Muna da kwamfutar tebur ƙirar Dell, ta hannu, mai Windows 10, a ofishin Islamiyyarmu da ke Gangare a nan Jos. Da ita muke kunna wa yara karatun Alƙur'ani. Sati biyu da suka wuce monitarmu ta mutu muka sayo wata, tun daga ranar babu sauti ko kaɗan. Fitilar sifika tana kamawa, kuma idan muna kan janareta sai ta riƙa ƙugi. Wani yaro da ya ɗan san kwamfuta ya ce sai an yi mata fomatin, ga shi sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara 3 yana ciki. Mene ne abin yi?"

Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam. Kafin komai, kada ka bari kowa ya yi wa kwamfutar nan fomatin, wato ya share abin da ke cikinta ya sake ɗora Windows. Yau ɗin nan ka nemi filash ka kwashe sakamakon yaran, don takardar shekara 3 ba ta zama wuri ɗaya ko da kwamfuta lafiyarta ƙalau. Bayan haka sai mu zauna mu duba.

Idan na fahimce ka, abu biyu ka kawo a ƙunshi ɗaya: sauti ya ɗauke daidai ranar da aka canza monita, sannan ga ƙugi a kan janareta. Waɗannan ba lallai ciwo ɗaya ba ne, kuma zan raba su. Na farkon, tun kafin na ga injin, ina da wanda nake zargi, domin ka riga ka faɗi ranar da abin ya fara da abin da aka taɓa a ranar. Wannan ita ce tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya sauke min kwamfuta a shago: me aka canza kafin ta daina? Rabin mutane za su ce "ba komai", sai an yi hira an sha shayi sannan ka ji ashe an ja teburin an yi shara, ko ƙanin mai gida ya jona iyafis ɗinsa.

Sauti a kwamfuta tafiya yake yi zango-zango. Manhajar da ke kunna karatun tana miƙa wa Windows, Windows ya zaɓi ƙofar da zai fitar da shi, wata 'yar manhaja da ake kira direba ta isar da saƙon ga ɗan guntun da ke mai da lambobi su zama sauti, wanda ke kan madabod, wato babban allon da ke cikin akwatin kwamfutar, daga nan ya bi rami, ya bi waya, ya shiga sifika. Duk aikin gyaran shi ne gano zangon da ya tsaya. Fomatin kuwa zango uku kacal yake taɓawa, na manhaja da na Windows da na direba, kuma su ma ana gyara su ba tare da an share komai ba. Idan matsalar waya ce, ko rami, ko sifika, ka yi fomatin sau goma aikin baban giwa ne.

Wanda nake zargi: sabuwar monitar

Leƙa bayan akwatin, wanda mutanenmu ke kira sifiyu, ka dubi wayar da ta tafi monita. Tsohuwar monitarku ina kyautata zaton mai shuɗin kai ce, mai ƙusa biyu da ake murɗawa da allurai 15 a ciki, wato VGA. Ita hoto kaɗai take ɗauka, ba ruwanta da sauti. Sababbin monitoci kuwa HDMI ko DisplayPort ake jona musu, kuma waɗannan biyun hoto da sauti suke ɗauka a waya ɗaya. Yawancin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex da ke shigo mana na hannu suna da DisplayPort a baya. Da ka jona irin wannan monita, sai ta gabatar da kanta ga kwamfuta, ta faɗi sunanta da abin da take iya karɓa. Monitoci da yawa suna cewa suna karɓar sauti alhali babu sifika a jikinsu, ɗan ramin hedfon ne kawai a ɓoye a baya. Windows kuma yana da halin karrama baƙo: sabuwar ƙofa ta zo, sai ya juya sauti can. Karatun yana tafiya, amma cikin monitar da ba ta da bakin magana yake zuba.

Ga yadda za ka gane. Kunna karatun ka bar shi yana tafiya. Danna hoton sifika da ke ƙasa ta dama, kusa da agogo. A saman layin ƙara murya akwai suna rubuce. Idan ka ga sunan monitar, ko wani suna mai HDMI ko Display Audio a ciki, to ga ɓarawonka nan. Danna sunan, jeri zai buɗe, ka zaɓi mai ɗauke da kalmar Speakers ko Realtek. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, yaran su ji muryar mai karatu ta dawo a tsakiyar aya.

Domin kada abin ya sake dawowa gobe, danna madannin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl ka danna Enter. Taga za ta fito da jerin duk ƙofofin sauti. Wadda ke da koriyar alama ita ce zaɓaɓɓiya, kuma a gefen kowacce akwai wasu 'yan layuka da ke hawa da sauka da kore idan sauti yana bi ta nan. Layukan nan sun fi kowane injiniya faɗin gaskiya. Idan suna rawa a gefen monita, ka san inda sautin ya tafi. Idan suna rawa a gefen sifika amma kunne bai ji komai ba, Windows ya sauke nauyinsa, galibi matsalar tana daga rami zuwa waje. Idan babu inda suke motsi, to a cikin manhaja ko direba abin yake. Danna sifikar da ɓangaren dama na maus ka mai da ita zaɓaɓɓiya, ita kuma monitar ka kashe ta daga jerin gaba ɗaya tunda ba amfaninta za ku yi ba. Hoto ba zai taɓu ba.

Wannan matsalar ta taɓa wahalar da ni, shi ya sa ba na manta ta. Wani bawan Allah mai shagon buga takardu a wajen Rikkos ya aiko yaronsa da sifiyu a Keke Napep, wai ba sauti. Na jona ta a tsohuwar monitar shagona mai VGA, na sa sifika, sauti tangaran. Na ce wa yaron ya mayar, lafiyarta lau. Bayan la'asar sai ga shi ya dawo da ita a kafaɗa, yana haki, wai Oga ya ce har yanzu shiru. Na sake jonawa, ta sake yin magana. Sai a zuwa na uku, da mai shagon ya zo da kansa ransa a ɓace, na tambaye shi da me yake kallon hoto. Ashe talabijin ce ya mai da ita monita ta HDMI, kuma an rage muryarta zuwa sifiri tun ranar da aka kafa ta. Kuɗin Keke na zuwa uku ya fi abin da na karɓa a gyaran. Tun daga nan, wanda ya kawo min matsalar sauti nakan ce ya haɗo da sifikarsa da wayoyinsa, ya kuma faɗa min irin monitarsa.

Idan ba monitar ba ce

Ranar da aka canza monita an ja tebur, an cire wayoyi, an mayar. Saboda haka zargi na biyu shi ne an mai da wayar sifika ramin da ba nata ba. Ramukan nan duk girmansu ɗaya, milimita 3.5, kowane kai yana shiga kowane rami, launi ne kawai ya raba su. Tun ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Microsoft da Intel suka fitar da tsarin launukan a ƙa'idar da ake kira PC 99: kore na sifika da hedfon, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigar da sauti daga wata na'ura kamar rediyo. Sifika a kore take zama. A bayan tebur, cikin duhu da ƙura, kore da shuɗi kusan ɗaya suke, don haka ka haska da fitilar waya. Wasu sababbin injina ba su da launi, zane ne a gefen ramin, sai ka nemi mai hoton hedfon ko kibiya mai fita waje. Ka kuma tura kan wayar har ka ji ya yi ƙas. Wanda ya shiga rabi yana kawo sauti a kunne ɗaya, ko muryar mai karatu ta koma can nesa kamar daga rijiya, ko ƙugi zalla.

Fitilar sifika da ka ce tana kamawa wuta kawai take nunawa, ba ta shaidar lafiya. Gwajin sifika minti ɗaya ne: zare wayarta daga kwamfuta ka jona a wayar hannu mai rami, ka kunna wani abu. Ta yi magana, ka wanke ta. Idan babu waya mai rami a kusa, ka ɗan ƙara muryar sifikar ka taɓa bakin ƙarfen da yatsa. Sifika mai rai za ta yi "bzzz". Sannan ka juya gwajin: ɗauki iyafis da ka tabbatar yana aiki ka sa a koren rami na baya, ka kuma gwada na gaba. Wannan musaye shi ne ainihin sana'ar tamu, sauran duk ado ne.

Ramin gaba yana da nasa hali da ya kamata ka sani. Tun da Intel ta kawo tsarin HD Audio a 2004 ya maye gurbin tsohon AC'97, kwamfuta tana gane lokacin da aka soka wani abu a rami. Idan ka sa hedfon a gaba, sai ta yanke na baya da kanta. To a garin nan namu da hunturu ke cika komai da ƙura, ɗan makunnin da ke cikin ramin gaba yakan maƙale, kwamfuta ta ɗauka har yanzu akwai hedfon a ciki, ta ci gaba da hana sifikar baya. Na kuma sha ciro karyayyen bakin iyafis daga ramin gaba, musamman a inda yara ke kai-kawo, kuma makaranta ce kake magana. Kashe injin, ka zare shi daga wuta, ka haska ramin. Idan ƙura ce, a hure ta da abin hura iska, ko a soka kan hedfon a zare sau biyar ko shida. Ban da allura, ban da ruwa.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne iyafis na wayar hannu. Dubi bakinsa: idan zobe 3 ne baƙaƙe, na waya ne, ya haɗa kunne da makirfo a kai ɗaya. Mai zobe 2 na sauti ne zalla. Tsofaffin kwamfutocin tebur sun raba ramukan biyu, don haka mai zobe 3 zai iya ba ka sauti amma makirfonsa ba zai yi aiki ba sai da 'yar wayar da ke raba shi gida biyu.

Cikin Windows

A ce sifika lafiya, rami daidai, an zaɓi ƙofar da ta dace, amma shiru. Danna hoton sifikar nan da ɓangaren dama ka buɗe Volume mixer. Kowace manhaja tana da nata ma'aunin murya, kuma ana iya toshe bakin guda ɗaya a bar sauran. Idan a Chrome kuke kunna karatun, shi ma yana iya toshe shafi guda. Gwada fayil da ke cikin kwamfutar da wata manhaja daban, ka ga ko duka ne ko ɗaya ce.

Idan akwai jan kuros a kan hoton sifikar, ɗora maus a kai ka karanta abin da ya rubuto. Saƙo iri biyu ne, kuma ma'anarsu ta bambanta. Wanda ke cewa ba a jona sifika ko hedfon ba yana nufin kwamfuta ta san da guntun sautinta, rami ne ba ta ga komai a ciki ba, sai ka koma kan waya da rami. Wanda ke cewa babu na'urar fitar da sauti da aka girka yana nufin Windows bai ga guntun ba sam, a nan ne maganar direba ke shigowa.

Direba a nan ba mai tuƙa mota ba ne, ko da yake aikin ya yi kama: 'yar manhaja ce da ta san yadda ake sarrafa wani ƙarfe na musamman. Guntun sauti a mafi yawan injinan da ke hannun mutane na kamfanin Realtek ne na ƙasar Taiwan. Danna madannin Windows da X ka zaɓi Device Manager, ka buɗe sashen sauti. Alamar ruwan ɗorawa mai kusurwa uku tana nufin direban ya samu matsala. Kibiya mai kallon ƙasa tana nufin wani ya kashe shi, sai ka kunna. Abin da nake yi shi ne na cire direban na sake tayar da kwamfutar, Windows 10 yakan ɗora nasa na gama-gari da kansa, kuma ya isa a ji karatu. Idan ana son na asali, a jikin kowace Dell akwai lamba mai harafi da lambobi 7 da ake kira Service Tag, a shigar da ita a shafin kamfanin a sauko da direban wannan injin daidai. Abin da ba na so shi ne tarin direbobin nan da ake yawo da su a filash, a danna maɓalli ɗaya su ɗora komai da komai. Suna aiki wani lokaci, amma na ga injinan da suka shigo da matsalar sauti kaɗai suka fita da tallace-tallace da manhajojin da ba wanda ya gayyata.

Sauran wurare biyu ba su da yawan faruwa, zan taƙaita. A services.msc, wanda ake buɗewa kamar yadda aka buɗe mmsys.cpl, akwai Windows Audio da Windows Audio Endpoint Builder, dole su kasance suna gudana, idan sun tsaya a tayar da su. Sannan a BIOS, wato shafin saitin madabod, wanda ake shiga da F2 a Dell ko F10 a HP daidai lokacin kunnawa, ana iya kashe sautin madabod gaba ɗaya. Wannan na fi duba shi a injin da aka sayo bai taɓa magana ba. Taku tana yi har sati biyu da suka wuce, don haka ba na tsammanin nan ne, kuma ba na so ka shiga BIOS kana taɓe-taɓe.

Wataƙila yaron zai ce maka ai Windows 10 ya ƙare. Gaskiya ne Microsoft ta daina ba shi sabuntawar yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma wannan magana ce ta tsaro da ya kamata ku yi tunaninta a hankali. Amma ba ta kashe sautin kowa ba.

Ƙugin janareta

Wutarmu a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan ƙugin mai kauri da kake ji muryar wutar ce da kanta ta samu hanyar shiga sifika. Abu na farko, idan wayar sifikar tana ramin da ba nata ba ko ta shiga rabi, ƙugin zai ƙaru, don haka yana yiwuwa gyaran farko ya tafi da rabinsa. Idan da saura, ka dubi soket ɗin da aka jona kwamfuta da wanda aka jona sifika. Kwamfuta a soket ɗin bango, sifika a wani soket can daban, wannan yana buɗe wa ƙugi hanya ta cikin wayar sautin da ta haɗa su. A jona su a ekstenshin ɗaya mai kyau, mai ƙafa uku na gaske. Ƙananan janaretoci galibi ba a haɗa musu wayar ƙasa, ga wutarsu tana hawa tana sauka da nauyin da aka ɗora, shi ya sa abin ya fi fitowa a kansu. Sitabilaiza tana daidaita ƙarfin wuta, amma ba ta tace wannan ƙara. Mai gyaran wuta ya duba muku wayar ƙasa ta ofishin. Wanda duk ya ce a karya ƙafa ta uku ta filogi don ƙugi ya tafi, kada ka saurare shi, ƙafar nan ita ke tsakanin yaro mai taɓa akwatin ƙarfe da jan wuta.

Idan sifikar irin mai shan wuta ta USB ce, akwai dabara mai sauƙi: cire USB ɗin daga kwamfuta ka sa a kan cajar waya mai kyau, ka bar wayar sauti a koren rami. Ƙarar "tsiii" da ke canzawa idan ana motsa maus takan ɓace nan take. A raba wayar sauti da wayar wuta kada su kwanta a jere. Shi kuwa "tit-tirit-tirit" da ke zuwa gab da kira zai shigo, wayar hannun da aka ajiye kusa da sifika ce.

Inda iyawata ta tsaya

Ban ga injin ba, kuma daga nesa ba zan iya rantsewa guntun sautin bai ƙone ba. Yana faruwa, musamman da damina a Jos da tsawa ba ta wasa, ko lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi. Hanyar da nake tabbatarwa ita ce na tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Ubuntu, wani takwaran Windows, ba tare da na girka shi ba, ba ya taɓa fayil ko ɗaya. Idan sauti ya fito a can, ƙarfe lafiya, laifin na Windows ne. Idan can ma babu, kuma BIOS a kunne yake, guntun ya tafi. Ni ba na canza shi a kan madabod. Akwai masu yi, amma kuɗin aikin da kasadar ba su dace da injin ofis na hannu ba. Abin da nake ba mutane shi ne ɗan katin sauti na USB, girmansa kamar filash, da ramuka biyu kore da ruwan hoda. Ana samunsa a shagunan kayan kwamfuta na Ahmadu Bello Way da kewayen Terminus, ba ya buƙatar direba, ana soka shi Windows ya gane shi. Ka ce mai shagon ya gwada maka da iyafis a gabanka kafin ka biya, don akwai marasa kyau masu tsuwa a kunne.

Amma ban jin za ku kai nan, Malam. Fara da danna hoton sifika ka karanta sunan da ke sama da layin murya. Idan ka yi duk wannan bai yi ba har za ka kai wa mai gyara, ka haɗa da sifikar, da wayar monitar, ka kuma faɗa masa tun a bakin ƙofa cewa akwai sakamakon ɗalibai a ciki kuma ba ka yarda a share komai ba.